A Jirgin Nelson, Kowa Kyaftin Ne

A benen sama na jirgin yaƙin nan HMS Victory, wanda ke ajiye a Portsmouth a kudancin Ingila, akwai wani ɗan faifan tagulla da aka kafe a katako. Daidai nan ne harsashi ya sami Admiral Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Birtaniya, ranar 21 ga Oktoba 1805, a yaƙin Trafalgar da suka yi da Faransa da Sifaniya. Ranar da na je sai da na bi layi kafin in kai wurin. A gabana wani dattijon Bature ne da matarsa, yana riƙe da wani littafi da ya sha hannu har bangonsa ya yi laushi. Faifan bai dame shi ba. Yana ta nuna wa matar inda kyaftin yake tsayawa, ɓangaren da iska ke bugowa, wurin da ba mai takawa sai da izini, yana ambaton Jack Aubrey kamar wani abokinsa da suka yi firamare tare. Shi kuwa Jack Aubrey ba uwar da ta haife shi, alƙalamin marubuci ne ya ƙage shi.

Ban yi wa dattijon dariya ba, don littafin da ke hannunsa akwai ƙaninsa a jakata.

Ni ɗan tudu ne, haifaffen Kano. Har na girma ruwa mafi faɗi da na sani shi ne na madatsar Tiga, jirgin da na taɓa shiga kuwa bai wuce kwalekwale ba. A wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi na fara tsintar labaran Hornblower na C. S. Forester. Rabin kalmomin ban san kansu ba, sunayen igiyoyi da filafilai ne birjik, amma na kasa ajiyewa. Daga baya na faɗa hannun Patrick O'Brian, wanda ya fitar da littafin farko na jerin labaransa a 1969, ya ci gaba har ya cika 20, ajali ya same shi a 2000 yana tsakiyar na 21. Dukkansu a kan mutum biyu suke, kyaftin Aubrey da amininsa likita Stephen Maturin, a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon. Duk wanda ya shiga cikinsu ba ya fita da wuri. Saboda haka abin da zan faɗa a nan magana ce ta mai ɗaki, wanda ya san inda yake masa yoyo.

Masoya waɗannan littattafai sun daɗe da shata wa kansu hanyar ziyara. Galibi sukan fara da Mahón a tsibirin Menorca na ƙasar Sifaniya, domin a can ne, a gidan gwamna, wajen sauraron kiɗa a 1800, mutanen biyu suka fara haɗuwa, har suka kusa bai wa hammata iska saboda ɗaya yana kaɗa hannu ba bisa kiɗan ba. Daga nan sai Collioure, wani ƙaramin garin masunta a kudancin Faransa inda O'Brian ya zauna tun 1949, kuma a can kabarinsa yake. A Greenwich da ke Landan akwai rigar da Nelson ya sa ranar Trafalgar, da hudar harsashi a kafaɗar hagu. A Hartlepool akwai Trincomalee, jirgin yaƙi na ainihi irin wanda Aubrey zai so a ba shi. Masu ƙarfin aljihu sukan tsallaka Boston su ga USS Constitution, wanda aka saka a ruwa a 1797, shi ne ya ci jirgin Ingila mai suna Java a Disamba 1812, kuma a labarin O'Brian Aubrey yana cikin Java ɗin aka kama shi. Sai San Diego a Amurka, sai tsibirin Antigua a Karibiyan.

Akwai masu ganin duk wannan wauta ce, wai mutum da hankalinsa ya kashe kuɗin jirgi don ya ga inda abin da bai faru ba ya faru. Ban yarda da su ba. Mu da kanmu mun san daɗin tsayawa a wurin da muka daɗe muna jin labarinsa. Ba ina haɗa abin ibada da ƙagaggen labari ba ne, Allah ya tsare, amma duk alhajin da ya karanta sira ya tsaya a gindin Uhudu ya ga tudun maharba da idonsa, ya san akwai abin da ƙafa take fahimta wanda kunne bai kama ba. Gani ya kori ji. Na karanta sau ba adadi cewa kowane matuƙi inci 14 kacal ake ba shi ya rataya shimfiɗar kwanansa, amma sai da na sauka benen igwa na ƙasa, na sunkuya, na ƙume goshi da katakon rufi, na ji warin kwalta da tsohuwar igiya, sannan lissafin ya shige ni: mutum sama da 800 a cikin wannan akwatin katako, wata da watanni, ga igwa 104, ga albarushi, ga awaki da kaji. Ban da haka, waɗannan jirage kuɗi suke ci kamar wuta. Victory tun 1765 aka saka shi a ruwa a Chatham, tun 1922 yake zaune a busasshiyar ma'ajiya, kuma har gobe ana fama da ruɓa da ƙwarin katako a jikinsa. Lokacin da na je ma an sassauke dogayen jigoginsa ana gyara. In ba don masu zuwa da littafi a hammata suna yankar tikiti ba, da yawancin irin waɗannan jirage sun daɗe da zama itacen girki.

Inda na rabu da 'yan'uwana masoya shi ne wurin da suke tsayawa su yi kallo.

Kasuwa dai abin da mai saye yake so take kawo masa, wannan ba sabon abu ba ne. A gefen tashar Mahón akwai wani jan gida a kan tudu da ake nuna wa baƙi a matsayin inda Nelson ya sauka da farkarsa Lady Hamilton. Nelson ya leƙa tsibirin na 'yan kwanaki a 1799, gaskiya ne, amma babu wata shaida cewa matar ta taɓa taka Menorca. Jirgin da ke San Diego mai suna HMS Surprise, sunan jirgin Aubrey a littattafan, wanda mutane ke shafa katakonsa da girmamawa, a 1970 aka ƙera shi a Kanada da sunan Rose, masu fim suka saye shi suka yi masa kwalliya don fim ɗin labaran Aubrey da ya fito a 2003. A littafin da aka ɗauko yawancin labarin fim ɗin, abokin gaba jirgin Amurka ne, masu fim suka mayar da shi na Faransa, kowa kuma ya san inda kasuwar fim take. Shi kansa O'Brian, wanda duniya ta daɗe tana ɗauka ɗan Ayalan ne, sai gab da mutuwarsa aka bankaɗo cewa sunansa na yanka Richard Patrick Russ, haifaffen Ingila a 1914, ya sauya suna a 1945. Waɗannan ba su cika ɓata mini rai ba. Wanda ya fito bin sawun tatsuniya bai kamata ya yi fushi don an ƙara masa gishiri ba.

Abin da ya fi damuna gaskiya ce da ake faɗin rabinta. Labaran nan kusan dukkansu daga idon hafsa aka rubuta su. Mai karatu yana cin abinci a teburin kyaftin, yana jin kiɗan goge a babban ɗaki mai tagogi a bayan jirgi, yana lissafin kason da zai samu idan aka kama jirgin abokan gaba. Idan ya zo ziyara, ƙafarsa da kanta take kai shi can. Na tsaya na lura a Victory: a ɗakin Nelson cunkoso har ba wajen juyawa, kowa na ɗaukar hoto, amma a can ƙasa inda sauran jama'a suka rayu mutane wucewa kawai suke yi suna duba agogo. Cikin duk wanda na gani ranar ban ga wanda ya zo yana ɗaukar kansa yaron da ke gudu da albarushi tsakanin rumbu da bakin igwa ba. Kowa kyaftin ne. Alhali da an mayar da mu wancan zamani, ni da dattijon nan da kusan duk wanda ke layin, a ƙasa za mu tsinci kanmu.

Mutanen benen ƙasan nan kuwa da yawansu ba da son ransu suka zo ba. Doka ta ba rundunar ruwa ikon kama matuƙa da ƙarfi, 'yan kamu su tare mutum a mashaya ko a kan jirgin 'yan kasuwa da ya dawo daga tafiyar shekara biyu, ko gida bai leƙa ba a wuce da shi. Abincinsu naman gishiri ne da busasshen biskit mai ƙwari. Horonsu bulala mai harshe tara, a ɗaure mutum a tara kowa ya kalla. Kuma ba igwar Faransa ce ta fi kashe su ba. A yaƙe-yaƙen 1793 zuwa 1815, cikin kowane mutum goma da rundunar ta rasa, wanda abokin gaba ya kashe bai cika ɗaya ba. Sauran cuta ce da haɗari da nutsewa: shawara a tsibiran Karibiyan, zazzaɓi, faɗowa daga saman jigo, da ciwon nan mai ruɓar da dasashi wanda sai a 1795 aka fara raba ruwan lemun tsami don maganinsa. Idan ka fito daga Victory ka taka zuwa bakin ruwa, mashigin Spithead ne a gabanka. A nan ne a Afrilu 1797 matuƙan rundunar suka ƙi ɗaga anka, saboda an fi shekara ɗari ba a ƙara musu albashi ba. Suka zaɓi wakilai, suka riƙe jiragen cikin tsari, suka ce in Faransa ta fito za su yi yaƙi, amma ban da haka ba inda za su. Aka ƙara musu kuɗin, sarki ya yi musu afuwa. 'Yan'uwansu na Nore, wani mashigin a bakin kogin Thames, da suka biyo baya ba su yi wannan sa'a ba, aka rataye shugabansu Richard Parker da wasu kusan talatin. A ganina wannan yajin aiki bai gaza Trafalgar zama labari ba, amma ban taɓa jin wani ya ce ya je Portsmouth don ya kalli Spithead ba.

Wannan duk a cikin jirgi ke nan. Akwai kuma wanda yake tsaye a gaɓa yana hango filafilai suna tahowa, shi ne littattafan suka fi mantawa, kuma shi ne ya fi kama da ni.

Ɗauki Antigua. Ma'aikatar jiragen da ke English Harbour, wadda yanzu ake kira da sunan Nelson, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2016. Wuri ne mai kyau, an mayar da tsofaffin gine-ginen otal da gidajen cin abinci, attajirai na ɗaure jiragen shaƙatawarsu a bakin ruwa. Nelson ya yi aiki a yankin daga 1784 zuwa 1787 yana kyaftin na Boreas, kuma wasiƙunsa sun nuna ya tsani wurin. Waɗanda suka fasa duwatsun, suka haƙa, suka gina, suka riƙa kwantar da jirage suna kankare gindinsu a cikin rana, bayi ne 'yan Afirka da aka ɗebo daga gonakin rake. Dalilin kafa ma'aikatar tun farko shi ne tsaron tsibiran sukari, sukarin kuwa gumin bayi ne. Jiragen Birtaniya sun kwashi 'yan Afirka fiye da miliyan 3 zuwa ƙetaren Atlantika kafin a hana cinikin a 1807, rundunar ruwan da muke sha'awa kuwa ita ce mai gadin hanyar. Mai ziyarar da ya sha lemo a inuwar waɗannan ginshiƙai yana tunanin Hornblower, bai yi laifi ba, amma ya zauna a gidan mutane bai tambayi wa ya gina shi ba.

Abin takaicin shi ne labarin waɗannan mutane yana nan a rubuce, ba sai an ƙaga ba. Olaudah Equiano, wanda ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi, bawan wani hafsan ruwa ne mai suna Michael Pascal. Yana yaro ya yi dakon albarushi a jirgin Namur a yaƙin Lagos na 1759 (Lagos ta Fotugal, ba tamu ba). Da yaƙi ya ƙare, maimakon 'yancin da yake sa rai, sai ubangidan ya sayar da shi aka kai shi tsibirin Montserrat a Karibiyan, inda ya tara fam 40 ya fanshi kansa a 1766. A 1773 ya bi tawagar jirage biyu da suka nufi ƙanƙarar arewacin duniya, yana cikin ɗaya, a ɗayan kuma akwai wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Horatio Nelson. Equiano ya buga tarihin rayuwarsa a 1789, kuma akwai teku a cikinsa fiye da littattafai da yawa da ake kira na teku. Akwai John Perkins, baƙar fata ɗan Jamaika, wanda ya kai muƙamin cikakken kyaftin a rundunar. A gindin hasumiyar Nelson da ke tsakiyar Landan, a allon tagullar da ke nuna faɗuwarsa, akwai baƙin matuƙi riƙe da bindiga yana duban sama inda harbin ya fito. Dubban mutane suna wuce shi kullum. Shi kuwa Trincomalee na Hartlepool, wanda ake nunawa a matsayin gwanintar Ingila, a Bombay aka ƙera shi a 1817 da katakon Indiya, a hannun maƙeran gidan Wadia.

Kada in yi rashin adalci. Rundunar da ta yi gadin cinikin bayi ita ce kuma ta juya ta yaƙe shi. Daga 1808 aka girke jirage a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma zuwa 1860 sun kama jiragen bayi kusan 1,600, sun 'yanta mutane wajen 150,000, akasari aka sauke su a Freetown ta Saliyo. Matuƙa da yawa sun bar ransu a wannan aiki, zazzaɓi ya cinye su. Cikin waɗanda aka ceto a 1822 akwai yaron da ya zama Bishop Samuel Ajayi Crowther. Akwai Hausawa da Barebari a cikinsu, kuma daga bakin irin waɗannan Hausawan Saliyo ne J. F. Schön ya fara koyon harshen da ya buga littafin kalmominsa a 1843. O'Brian ma bai kauce wa batun ba. A ɗaya daga littattafansa na baya-baya ya tura Aubrey gaɓar Benin farautar jiragen bayi, ya sa shi ya leƙa cikin ɗaya ya ga abin da ya sauya masa tunani. Gidajen tarihin su ma sun motsa: a 2007 aka buɗe gidan tarihin bauta a Liverpool, a Greenwich kuma aka ware zaure kan Atlantika da bauta da daular Birtaniya.

Sai dai ko wannan alheri, wanda ke gaɓa ba yadda mai jirgi ya gan shi ya gan shi ba. A ƙarshen Disamba 1851 jiragen Birtaniya suka yi wa Legas ruwan igwa, suka kori Oba Kosoko suka ɗora Akitoye, da hujjar hana cinikin bayi. Hujjar ba ƙarya ba ce. Amma shekara goma bayan haka, a 1861, wani jirgin yaƙin ya sake tsayawa a bakin garin, Oba Dosunmu ya sa hannu Legas ta zama mallakar Ingila. John Glover, wanda ya tara Hausawa a Legas a 1863 ya ba su bindiga, rundunar da sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta, hafsan ruwa ne. Wanda ya jagoranci ƙone Benin a 1897 aka kwashe tagullarta, Harry Rawson, shi ma Admiral ne. Filafilan da ke sa zuciyar mai karatu tsalle idan an hango su daga saman jigo, akwai garuruwan da in an hango su mata ke ɗaukar 'ya'ya su shige daji.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta daga abokan karatu. Za a ce ƙagaggen labari ba littafin makaranta ba ne, mutum ya tara kuɗinsa ya fito hutu, ba wa'azi ya zo ji ba, kuma ba a auna mutanen 1805 da mudun yau. Na yarda da kusan duka. Ba na cikin masu cewa a rushe hasumiyar Nelson, ko a liƙa takardar neman gafara a jikin kowace igwa. Mutumin ya ja jirage 27 ya fuskanci 33 ya tarwatsa su, ya mutu a cikin aikin, jarumtarsa ba ta buƙatar izinina. Ba na kuma son yawon buɗe ido ya koma zaman makoki. Amma batun mudun yau bai tsaya da ƙafarsa ba, domin Equiano mutumin wancan zamani ne, matuƙan Spithead ma haka, kuma da mudun zamaninsu suka auna suka ce an cuce su. Batun hutu kuwa, mu masoya O'Brian mu ne muke alfahari cewa marubucinmu ba ya wasa da gaskiya, cewa ya tono rahotannin yaƙi na ainihi ya gina labari a kansu. Faɗan da ya yi wa Aubrey suna a littafin farko, na wani hafsan ruwa na ainihi ne mai suna Thomas Cochrane, kusan kalma da kalma: ranar 6 ga Mayu 1801, da ƙaramin jirgi Speedy mai igwa 14 da mutum 54, ya kama El Gamo na Sifaniya mai igwa 32 da mutum 319. Mutumin da zai yi awa guda yana gardama kan sunan wata igiya, ko kan yawan igwar da wani jirgi ya ɗauka a wata shekara, ba shi da bakin cewa sanin wanda ya gina English Harbour ya yi masa nauyi.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: a tsawaita hanyar. Mai shirya ziyarar da ya kai mutane Mahón, bayan gidan gwamna ya tsallaka da su ɗan tsibirin da ke tsakiyar tashar, inda Turawan Ingila suka kafa asibitin sojan ruwa a 1711, su ga inda ake yanke ƙafa ba allurar kashe zafi. Wanda ya kai su Portsmouth ya tsayar da su minti goma a bakin Spithead. Wanda ya sa Antigua a jeri ya sa Freetown. Mai haɗa jaka ya saka Equiano kusa da O'Brian, nauyinsa bai kai na takalmi ɗaya ba. Su ma masu kula da jiragen, tun da tikiti ne ke ciyar da su, abin da baƙi suka tambaya shi za su faɗaɗa. In an yi ta tambayar ina yaran albarushi suke kwana, wata rana za a ga an sa musu allo.

Akwai kuma wani zango da ban taɓa gani a jerin kowa ba. Masoya sukan yi mafarkin zuwa tsibirin Mauritius, saboda O'Brian ya ba Aubrey jagorancin yaƙin ƙwace shi daga Faransa a 1810. A wannan yaƙi na ainihi akwai wani saurayi ɗan Sikotilan mai suna Hugh Clapperton. Yana ɗan shekara 13 ya fara aikin jirgin 'yan kasuwa, daga baya 'yan kamu suka shigar da shi rundunar, ya fara daga ƙasa ya hau har ya zama laftana, ya yi aiki a manyan tafkunan Kanada. Da yaƙi ya ƙare aka sallame shi gida kan rabin albashi, irin zaman jiran tsammanin da duk mai karanta waɗannan littattafai ya sani. Zaman ya ishe shi, ya karɓi wani aikin. Ya keto Sahara daga Tarabulus zuwa Barno, ya shigo Kano a Janairu 1824, ya isa Sakkwato a watan Maris, ya zauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka tattauna kan ciniki da hanyar Kwara da batun sayar da bayi ga jiragen gaɓa. Mutanen ƙasar suna kiransa Abdullahi. Ya koma Ingila aka ƙara masa girma, ya sake dawowa ta Badagry a ƙarshen 1825, cikin tsarabar da ya kawo wa Bello har da littafin lissafi na Euclid da Larabci. Wannan karon ya tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno, aka hana shi wucewa, ciwo ya kwantar da shi. Ya mutu ranar 13 ga Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ya ɗora gawar a kan raƙumi, ya lulluɓe ta da tutar Birtaniya, ya kai ta wani ƙauye kusa da Sakkwato, ya karanta addu'ar binnewa shi kaɗai, ɗaruruwan mil daga teku mafi kusa.

Na so in ba dattijon nan wannan labari a kan benen Victory. Kafin in gama shawara da zuciyata layi ya matsa, matarsa ta ja hannunsa, suka gangara ɗakin kyaftin.